Kofunan Marigayiya Mai Kunu

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aikin gyaran mas'ad ba, wato na'urar nan da ke hawa da mutane bene a manyan otal-otal na kewayen Harami, kamfaninmu ya tura mu ƙasar Finland mu koyo aikin wasu sababbin injina. Muna da ɗan yawa, amma ni kaɗai ne Bahaushe. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, iyayena ta Sudan suka biyo, kuma kafin nan tafiyata mafi nisa ita ce Madina. Ranar da zan tashi, mahaifiyata ba ta yi min zancen sanyi ba, ba ta yi min zancen abinci ba. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa har na shiga mota: kada in karɓi saƙon kowa, ko da allura ce.

Duk wanda ya tashi a Makka ya san dalili. Mun sha jin labarin bawan Allah da aka roƙa ya riƙo ƙullin yaji, aka kwance a filin jirgin Jidda aka tarar da ƙwaya, kuma a ƙasar nan abin da aka samu a hannunka naka ne. Mahaifiyata mace ce da ko gishiri aka kawo mata sai ta lasa kafin ta yarda gishiri ne. Ni kuwa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Aka gama horon lafiya. Sai da muka shige cikin filin jirgin Helsinki, aka auna kaya, aka buga fasfo, sannan na tuna ban sayi tsarabar mahaifiyata ba. Na shiga wani kanti da ke sayar da kayan gilashi da na tangaran irin na ƙasar, na tsaya ina kallo kamar baƙauye. Mu a gidajenmu kofi sai da ruwan zinare a baki, faranti sai da fure, ta yadda in an jera a kabad baƙuwa za ta san an kashe kuɗi. Su nasu ba zane ba ado. Kofuna ne masu kaurin gindi, wasu shuɗi, wasu ruwan toka, wasu kore kamar kwalbar magani, da wasu kwanuka masu lanƙwasassen baki kamar wanda ya ƙera su hannunsa na rawa. Ga tsada kamar ba za a mutu ba.

Na kira mahaifiyata in yi shawara. Ina ta yi mata bayani da irin Hausarmu ta Makka, rabi Hausa rabi Larabci, ina cewa wallahi Umma kofunan mutanen nan tsirara suke, ma fi zinare ma fi komai, wato ba zinare ba komai, halas in sayo miki cakulan kawai. Ta ce cakulan ba ya zama a kabad, in sayo ko mene ne. Ina kashe waya sai na ji an ce a bayana:

"Ɗan'uwa, kai ɗan wace unguwa ne a Makka?"

Na juya da sauri. Ma'aikaciyar kantin ce, baƙar mace da ɗan ƙaramin hijabi, wadda tun shigowata na ɗauka 'yar Somaliya ce. Ba ta ce Najeriya ba, ba ta ce Nijar ba, Makka ta ce kai tsaye, domin bakina ya tona min asiri. Na ce mata Tandabawi, ina faɗa ina cizon yatsa, don ban ga abin da ya kai ni faɗin gaskiya ba.

Ta taya ni zaɓen kofunan shayi, tana yi tana ba ni labari da sauri, idonta na kan ƙofa kada mai saye ya shigo. A Nakkasa aka haife ta, unguwar nan ta kan dutse a Makka. Uwarta ta zo aikin Hajji tun da ƙuruciya ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai, tana sayar da kunun gyaɗa a gindin wata matakala. Ita kuma wata rana aka yi kame a kasuwa aka haɗa da ita, aka ɗauki zanen yatsunta, aka yi tarhil ɗinta, wato aka kore ta zuwa ƙasar uwarta da ba ta taɓa gani ba. Can ta yi aure, mijin ya kawo ta nan. Da farko suna waya da uwar. Sai aka zo da dokar cewa duk layin waya sai mai takarda ya yi masa rajista da yatsansa, layin uwar ya mutu. Ana cikin haka ta ji an rushe gefen dutsen da suke. Tun daga nan shiru, ba ta san tana raye ko ta mutu ba.

Ni dai ina saurare ina auna labarin, kuma abin da ya fi damuna shi ne ya yi kyau da yawa. Na san inda za a je kafin a je. Ai kuwa sai ta ce za ta ba ni ɗan saƙon kofuna in kai wa uwarta. Na ce mata ta yi haƙuri, ba na karɓar saƙo.

"Na sani," ta ce. "Ni ma an yi min wannan faɗan a gida. Ba kofunan ne damuwata ba, kunya nake ji in aiki mutum wurin uwata hannu rabbana. So nake wani ya tsaya a gabanta da ƙafarsa, ya kira ni ya ce tana nan."

Har yau ban san abin da ya sa na ce to ba. Ina jin kunyar idonta ce. Ta ɗauko kofuna shuɗi irin masu kaurin nan, ta biya da katinta, ta juya min baya tana naɗe su a wani tebur can ciki. Wannan juya bayan shi ya hana ni sakat. Na yi ta miƙa wuya ina leƙe amma ban ga komai ba sai kafaɗarta, kuma ta daɗe fiye da yadda ta daɗe a kan nawa. Ta manne kwalin, ta faɗa min sunan uwar da laƙabinta da kwatancen matakalar. Na karɓi lambarta, da ta nemi tawa na ce layina na kamfani ne. Ta yi murmushi.

Ina fita na zarce banɗaki, na kulle ƙofa, na zauna na farke kwalin baiwar Allah. Na warware kofunan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga su saitin fitila, na ƙwanƙwasa gindinsu da farce ina sauraro, domin zuciyata ta ba ni cewa ba a yi wa kofi wannan kaurin a banza ba. Na shinshina takardar naɗin. Na ɓare kwalin har cikin bayansa. Na tuna an ce akwai abin da ake shafawa ba ya nuna launi, sai na wanke su tas da sabulun hannu. Wani Bature ya fito ya tarar da ni a bakin famfo ina wanke-wanke da jakar tafiya a baya, ya kalle ni ya kalli kofunan, ya wanke hannunsa a can nesa da ni.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. A inda muka yada zango muka canza jirgi, sau biyu ina ajiye ledar a ƙarƙashin kujera in tashi, in kuma dawo in ɗauka. A Jidda kuwa na bi layin binciken kaya ina ta addu'a a zuci. Jami'in ya buɗe, ya juya kofi ɗaya a hannunsa, ya tambaye ni ko na mahaifiyata ne, na ce na'am da muryar da ba tawa ba. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tura min kayana.

A gida na sha faɗa kamar yaron da ya fasa tulu. Mahaifiyata ta ce ashe kunnena na ado ne. Ta sake wanke kofunan da tafasasshen ruwa, ta taɓe baki ta ce in dai wannan ne adon Turawa to Allah ya ƙara mana godiya. Da ta huce sai ta ce abu ya riga ya zama amana, kuma amana ba ta kwana a gidanta, in tashi in nemi mai shi.

Ranar hutuna na hau Nakkasa, kuma a nan na yi wautar da ta fi ta banɗaki. Na tafi da rigar kamfani mai tambari a ƙirji, katin aiki rataye a wuya, kwali a hammata, ina tare mutane ina tambayar wata tsohuwa da cikakken sunanta. Unguwar rabinta kango ne, tarin bulo da ƙarafa, sauran gidajen a maƙale a jikin dutse suna jiran nasu layin. Matakalar da aka kwatanta min tana nan, amma ba ta kai mutum ko'ina. Ina yi wa mutane Hausa suna mayar min da Larabci, ma a'raf, ma a'raf, wato ban sani ba, alhali yanzun nan na ji su suna ciniki da Hausar Sakkwato. Wata mai waina ta ja mayafinta ta ce ita baƙuwa ce, jiya ta zo. Wani tela ya nuna min can sama, na hau ina haki na tarar da bango. A lokacin haushi na ji, ina cewa wane irin mutane ne waɗannan marasa taimako. Ban lura ba ashe irin kallon da na yi wa matar kanti shi suke min.

Daga ƙarshe na zauna wurin wani dattijo mai shayi. Ya bar ni na sha, ya tambaye ni ɗan gidan waye, me na haɗa da matar. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana goge tire, sannan ya ce Allahu akbar, mai kunu ai Allah ya yi mata rasuwa, tun kafin a zo rusau. Na tambayi danginta, ya ce ba ta bar kowa ba. Wani da ke zaune a gefe ya gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙanta, mace ce mai alheri.

Na biya kuɗin shayin. Na sauko daga dutsen ina tsara kalmomin da zan faɗa wa 'yarta, kuma tausayinta ya kama ni a karon farko, domin sai yanzu na yarda labarinta gaskiya ne. Na iso gida na faɗa wa mahaifiyata, na ɗauko waya zan kira.

"Wa ya yi mata wanka?" ta ce.

Na ce ban tambaya ba. Ta ce a ina aka binne ta, bayan wace salla aka sallace ta. Na ce Umma, dattijo ne fa da furfura ya faɗa min, har da shaida. Ta ce in ajiye wayar, mutuwa ba ta ruɓewa, in gaskiya ce gobe ma tana nan. Na ajiye ina guna-guni, a raina ina cewa halin nata ne ya motsa, yau har mutuwa ake tuhuma.

Ba ta je Nakkasa ba, ba ta kuma tambayi kowa komai ba. Sai da aka yi wani suna a gidan 'yan'uwanmu, ana cikin rabon tuwo mata sun cika tsakar gida, ta ɗaga murya kamar mai hira da tukunya ta ce ɗanta ya dawo daga ƙasar sanyi, ya haɗu da wata yarinyar Nakkasa a can, ta ba shi saƙon uwarta mai kunu, ashe uwar ta rasu, Allah sarki, ga saƙo nan a ajiye a gidanmu ba mai karɓa. Ta ci gaba da kwasar miya. Da ta dawo na ce wa ya amsa mata, ta ce ba kowa, kuma haka ake so.

Aka ɗauki lokaci har na fara mantawa. Sai wata tsohuwa ta fara zuwa gidanmu tallan daddawa da kuka, doguwa, siririya, fuskarta a rufe sai idanu. Zuwan farko a bakin ƙofa ta tsaya, tana miƙa kaya idonta na kan takalman da ke zaure. Zuwa na biyu ta shigo ta sha ruwa, ta tambayi aikin da nake yi, ko na gwamnati ne. Ni kuma tuni na sa mata ido. Na ce wa mahaifiyata matar nan ba talla ya kawo ta ba, leƙen gida take. Ta ce in bar mata kayanta, daddawarta mai kyau ce.

Wata ranar bayan la'asar na dawo daga aiki na same su zaune a falo. Tsohuwar ta ɗage mayafin fuskarta, tana magana a hankali. Ta ce ita ƙawar marigayiya mai kunu ce, ɗaki ɗaya suka zauna, a hannunta ta cika. Ta ji an ce akwai saƙo, in ba damuwa a ba ta ta ajiye don tunawa. Daga nan ta juyo gare ni ta fara tambaya, wai don ta ji daɗin yi wa marigayiya addu'a: yarinyar ta yi ƙiba ko ta rame, ta haihu, mijin na kula da ita, tana da kayan sanyi.

Na amsa mata a gajarce, domin na riga na yanke hukunci. Labarin kofunan Turai ya zaga gari, ga wata ta zo da hawayen aro za ta kwashe. Na ce mata Inna ki yi haƙuri, amana ce, ba zan ba wanda ba a ce in ba ba. Mahaifiyata ta goyi bayana, abin da ba kasafai take yi ba. Ta ce gaskiyarsa, Hajiya. Sannan ta dube ni ta ce tunda ga wadda aka cika a hannunta ta tabbatar, ba sauran jira, in kira yarinyar yanzu in yi mata gaisuwa, in ta ce a ba ƙawar uwarta sai a ba ta. Ta ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Tsohuwar ta ce ai ba sai yau ba. Mahaifiyata ta ce yau ɗin dai, an riga an ja wa yarinya rai.

Na danna lambar da nauyin zuciya. Tana ɗauka na yi sallama, na ce ni ne ɗan Tandabawi da ta ba saƙo a filin jirgi. Na ji numfashinta ya canza, ta ce ka same ta? Na ce na je Nakkasa, na bincika iyakar iyawata, sai dai ki yi haƙuri 'yar'uwa, dukkanmu na Allah ne...

Ban san tsohuwa na da wannan ƙarfin ba. Ban ga tashinta ba, sai ji na yi an fizge wayar har farcenta ya yage min hannu.

"Ƙarya yake, kar ki saurare shi. Ga ni nan. Ni ce, uwarki ce, ban mutu ba."

Ta kira ta da wani suna na ƙuruciya, daga can aka fasa kuka. Mahaifiyata ta tashi ta ja ni muka fita tsakar gida, ta janyo musu ƙofa. Ina tsaye baki buɗe, ta ce in rufe kada ƙuda ya shiga. A nan ta warware min abin da kowa ya sani ban da ni. A unguwannin nan in baƙo ya zo neman wanda ba shi da takarda, musamman baƙo mai kati a wuya, cewa ake ya rasu, domin in ka ce ya tashi za a tambaye ka ina ya koma, amma ba mai bin mutum kabari. Ita kuma ta san mutuwar marar iƙama ba ta ɓuya, kafin a samu a binne shi sai duk Hausawan Makka sun ji, kuma ba ta taɓa jin ta mai kunu ba. Tun zuwan matar na farko ta gane ta. Na ce to me ya sa ba ki faɗa min ba. Ta ce da ta faɗa min da muryata ba ta yi rawar da ta yi ba.

Kofunan ba su bar gidanmu ba. Tsohuwar ta ce inda take kwana yau ba lallai nan za ta kwana wata mai zuwa ba, gilashi kuma ba ya son ƙaura. Aka jera su a kabad kusa da masu ruwan zinare, suka zama ajiyarta. Duk Juma'a takan zo bayan an sauko daga masallaci, a zuba mata shayi a ɗaya daga ciki, in miƙa mata wayata su yi ta hira da 'yarta da jikokin da ba ta taɓa ɗauka ba. Ta daɗe tana kirana maƙaryaci, wanda ya kashe ta da ranta, ni kuma in ce ai dattijo mai shayi ne ya fara. Abin ya zama wasa tsakaninmu.

Idan na waiwaya, ba na iya cewa zargi mugun abu ne gaba ɗaya. Dukkanmu da shi muke kare kanmu a garin nan, ni da iƙamata, su da asirinsu, kuma zargin mahaifiyata ne ya hana ni aika wa baiwar Allah mutuwar ƙarya. Abin da na gane shi ne nawa zargin na tsoro ne kawai, ina jin motsi sai in ja baya. Nata kuwa na haƙuri ne, takan ƙi yarda amma ba ta rufe ƙofa, sai ta zauna ta jira gaskiya ta gaji ta shigo da kanta. Har yanzu ban iya irin nata ba, kuma har yanzu ba na karɓar saƙo a filin jirgi.

Tsohuwar ta yi shekaru tana zuwa mana, har ƙafa ta gaza, muka koma mu ne masu zuwa. Da lokacinta ya yi, a gaban mahaifiyata ta cika, aka sallace ta a Harami kamar yadda ta yi ta fata. Aka rasa wanda zai kira 'yar, sai aka ce ni, tunda ta san muryata. Na yi sallama, na faɗa mata a fili ba tare da kwana-kwana ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, ta yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Na kira sunanta. Ta ce tana ji, jira take a fizge wayar daga hannuna.